Yadda na gyara bold ɗin Poppins da yake fitowa a cunkushe

Alhamdulillah, kanun shafin intanet ɗin da nake haɗawa sun dawo daidai. Font (salon haruffa) ɗin Poppins nake amfani da shi, irin masu siffar jiyometiri ɗin nan ne kamar Futura da Paul Renner ya fitar a 1927, harafin o kusan da'ira ce cikakkiya kuma kaurin layi kusan ɗaya ne ko'ina. To duk inda na sa bold (rubutu mai kauri) sai haruffan su kumbura, ramin cikin haruffan "a" da "e" ya kusa toshewa, a waya ma abin ya fi muni.

Da farko na zargi allon, na canza burauza, na goge cache (fayilolin da burauza ke ajiyewa), na ƙara letter-spacing (tazarar haruffa), duk a banza.

Ashe link ɗin Google Fonts, inda shafin ke samo font ɗin, nauyin 400 (kaurin rubutu na yau da kullum) kaɗai yake ɗaukowa, shi kuma burauza idan bai samu 700 (wato bold) na gaskiya ba sai ya ƙirƙiri nasa, kawai ya ƙara wa layukan kauri ta kowane ɓangare, alhali a bold na asali mai zanen yana sirantar da layi a inda da'ira ta haɗu da sanda don kar wurin ya cushe. A irin waɗannan fonts ɗin jabun ba ya ɓuya sam.

Na mayar da link ɗin zuwa family=Poppins:wght@400;700, a CSS (lambar tsara kamannin shafi) na sa font-weight: 700 a kan h1 da h2 (wato kanun), sannan na ƙara font-synthesis: none a body (wato duk shafin) don burauza ya daina ƙirƙirar bold na jabu. Na danna Ctrl+Shift+R don shafin ya sake lodawa sabo, na duba Network a DevTools (kayan bincike na burauza), fayil ɗin 700 ya sauko.