Yadda ake zaɓar wa tsohuwar mota lagireton alminiyam

Duk mai riƙe da tsohuwar Fijo 504, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ko Marsandi 200, ya san watan Afrilu a Kano. Rana ta kai digiri 40, ga cunkoson Kantin Kwari, allurar zafi tana ta hawa. Shawarar da aka fi ba shi ita ce ya sa lagireton alminiyam. Shawarar ba laifi, amma sai da awo. Masu Boswaja ƙirar kunkuru dai babu ruwansu, iska ce ke sanyaya musu inji.

Kafin ka fitar da ko sisi, tabbatar lagireton ne mai laifi. Idan mota tana zafi a cunkoso amma ta huce da zarar ka hau titin Zariya, iska ce ba ta isa: duba fanka, bel da rumfar da ke kewaye da fankar. Idan kuwa sai ka taka ta a hanya take tafasa, to ruwa ne ba ya zagayawa, ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji. In ka ga kumfa na tasowa a bakin lagireto inji na aiki, ko man inji ya koma kalar shayi da madara, gasket ɗin kan inji ne ya ƙone, sabon lagireto ba zai yi maganinsa ba.

Sai awo. Cire tsohon, ka auna tsawo, faɗi da kaurin saƙar, wato tsakiyar lagireton da iska ke ratsawa, da tef, ka rubuta da santimita. Auna tazarar ramukan noti. Lura da gefen da bakin sama yake da gefen da na ƙasa yake, da kaurin kowanne, domin tiyon da bai dace da baki ba zai yi ta yoyo komai ɗaurin kilif. Yawancin tsofaffin motoci tankinsu sama da ƙasa ne, ruwa na gangarowa. Mai tanki a gefe da gefe ba ya zama a gurbinsu sai an yanka ƙarfe, tsohuwar mota kuwa darajarta a rashin yanka take. Mota mai giyar otomatik tana bukatar lagireto mai ƙananan bakuna biyu na man giya. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka ɗauki tsohon ka tafi da shi Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, a jera su gefe da gefe.

A kasuwa za a yi maka kirarin layi, wato jerin bututan ruwa da ke cikin saƙar: "Alhaji, wannan mai layi huɗu ne." Kada yawan layi ya ruɗe ka, tambayi faɗin bututun. A gaskiya jan ƙarfe ya fi alminiyam saurin ɗaukar zafi. Inda tsohon lagireto ke faɗuwa shi ne bututansa sirara ne, wajen rabin inci, kuma da darma aka liƙa su da ganyen saƙar, wato siraran fallen ƙarfen da ke tsakanin bututai, darma kuwa ba ta wuce da zafi da kyau. Alminiyam yana jure a yi masa bututu mai faɗin inci ɗaya, don haka layi biyu masu inci ɗaya suna ba ruwa fili daidai da layi huɗu na rabin inci, ga shi iska ta fi ratsa su. Mai layi huɗu na alminiyam mai siraran bututai kauri kawai ya tara. Iskar da ta isa layin baya ta riga ta ɗumama, fankar tsohuwar mota kuma ba ta da ƙarfin jawo ta. Kaurin ma yana cin wuri: a bar aƙalla santimita 2 tsakanin fanka da saƙa, saboda inji na girgiza a kan kujerunsa, idan fanka ta taɓa saƙar sau ɗaya an gama.

Ƙirga ganyen saƙar ma. Guda 14 zuwa 16 a kowane inci ya wadatar. Wanda ya fi haka matsewa, ƙurar hunturu za ta cike shi kafin damina.

Daga nan juya shi ka dubi yadda aka haɗa tanki da saƙa. Mafi inganci shi ne wanda aka yi wa walda, ɗinkin ya tafi sumul ba rami ba tsalle. Wanda ka ga an shafa masa gam mai ruwan toka a gindin bututai, ajiye shi, gam ɗin yana tsagewa da zafi da sanyi. Mai tankin roba ya fi araha, sai dai wuyansa kan bushe ya karye, kuma ba ya gyaruwa. Idan na hannu ne, farin gari a jikin ɗinki alamar tsohon yoyo ce. Sa a toshe bakunan, a hura masa iska kaɗan a cikin baho, ka ga ko kumfa zai fito. Ka kuma sani cewa mai gyaran lagireto da darma ba zai iya liƙe alminiyam ba, sai mai waldar agon, wato waldar da ake yi da iskar gas ta agon.

Murfi kuwa, lambar matsi da ke kan na asali za ka bi, galibi 0.9 ko 1.0 ko 1.1. Matsin 1.0 yana kai tafasar ruwa wajen digiri 120. Ƙara lamba ba ya ƙara sanyi, tsofaffin tiyo da hita kawai zai fasa.

Wajen ɗaurawa, a zaunar da shi kan robobi, kada ya gogi ƙarfen mota. A wanke cikin inji har ruwa ya fito fari kafin a jona, in ba haka ba tsatsar shekaru za ta toshe sabbin bututan. Tamostan, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗau zafi, wanda kanikawa suka saba cirewa su yar, a mayar da shi, mai buɗewa wajen digiri 80.

Ruwan da za a zuba shi ne ke kashe yawancin lagireton alminiyam a garin nan. Ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishiri, ga inji na baƙin ƙarfe, ga hita ta tagulla, sai alminiyam ya zama shi ake ci. Haɗa kulan, wato ruwan sanyaya inji na kanti, da tataccen ruwa rabi da rabi, irin ruwan da ake ƙara wa batir amma wanda ba asid a ciki, ka canja duk shekara biyu. Kada a wanke shi da soda, tana narka alminiyam. Bayan an tayar da inji, sa baƙar wayar mitar awon lantarki a kan nagatif ɗin batir, ka tsoma jar a ruwan lagireto ba tare da ta taɓa ƙarfe ba. Idan mitar ta nuna fiye da bolt 0.3, wayar as ɗin inji, wato wadda ke haɗa shi da jikin mota, ta saki ko ta yi tsatsa, a gyara ta kafin motar ta bar gareji.