Yadda za ka yi lissafin Kirchhoff idan maganaɗisu na canzawa a tsakiyar sakit

Ɗaliban lantarki na Kadpoli da KASU, da ku masu naɗa koyil a Panteka, ga wani abu da ke ɗaure wa mutane kai. An koya mana cewa in ka zagaye sakit ka haɗa duk voltej ɗin da ke ciki za ka samu sifili, dokar Kirchhoff kenan ta 1845. Haka ne, amma fa da sharaɗi, kuma sharaɗin ne aka fi tsallakewa: kada a samu maganaɗisu mai canzawa yana ratsa tsakiyar zoben da kake zagayawa. In akwai shi to maganar ta koma hannun Faraday, wanda ya gano a 1831 cewa canjin maganaɗisu kawai na tura wuta cikin waya ko babu batir.

Kafin ka taɓa kalkuleta, fara zana sakit ɗin yadda yake kwance a kan tebur da wayoyinsa, ka tambayi kanka ina maganaɗisun yake bi. In a kulle yake cikin koyil ko ƙarfen taransifoma, ba damuwa, ɗauki koyil ɗin kamar kaya ɗaya mai ƙafa biyu, voltej ɗinsa L di/dt, wato indoktans ɗin koyil sau saurin canjin karan (wutar da ke gudana cikinsa), ka ci gaba da Kirchhoff ɗinka. Yawancin tambayoyin jarabawa irin wannan ne.

Inda ake shan wuya shi ne in wayar sakit ɗin ce da kanta ta kewaye ƙarfen. Nan sai ka zaɓi ɓangaren da za ka zagaya, ka lanƙwasa yatsun hannunka na dama su bi shi, inda babban yatsa ya nuna nan ne Φ, wato yawan maganaɗisun da ke ratsa zoben, yake da alamar tarawa, sannan ka haɗa IR (karan sau ohm) na kowace resista amma kar ka ce daidai yake da sifili, ka ce daidai yake da −dΦ/dt, wato saurin canjin maganaɗisun da ke ratsa zoben.

Malamin fiziks Walter Lewin ya nuna wannan a ajinsa na jami'ar MIT da ke Amurka, kuma ni a ganina duk ɗalibi ya kamata ya lissafa shi da hannunsa. Zobe ne da resista biyu, ohm 100 a hagu, ohm 900 a dama, koyil a tsakiya yana ba da volt 1. Karan ɗin miliamp 1 ne. Ka ɗora mita biyu duk a kan gaɓa biyun da resistocin suka haɗu, wayar ɗaya ta bi hagu, ta ɗayar ta bi dama, sai ta hagu ta nuna 0.1, ta dama ta nuna 0.9 kuma da alama akasin ta farko. Babu mitar da ta lalace wallahi. Wayoyin mitar su ma zobe ne, kowacce tana karanta resistar da ke ɓangarenta, shi ya sa dole ka zana wayoyin mita cikin zanen ka rubuta musu nasu lissafin.

A wajen aiki kuwa, murɗa jar wayar mita da baƙar su manne da juna don filin da ke tsakaninsu ya ragu, ka kuma janye su daga jikin taransifoma ko janareta. Zoben waya mai santimita 10 sau 10 a cikin militesla 1, a wutar mu mai juyi 50 a sakan, ƙololuwarsa kusan milivolt 3 ne, kuma wannan ya isa ya sa amfulifayar masallaci ta dinga wannan ƙugin mai damun kunne in wayar makirufo ta bi kusa da sitabilaiza. In za ka gwada na Lewin, naɗa waya mai roba zagaye ɗaya a ƙarfen ƙaramar taransifoma, ka rufe ɓangaren wutar NEPA da tef sosai, kuma cire fulogi kafin ka taɓa komai.