Kurakuran da ake yi bayan maciji ya sari manomi

A bakin aiki maciji ya fi samun mutane. Mai noma ya zura hannu cikin ciyawa, mai girbi ya ɗaga dami, yaro ya bi dabbobi ƙafa ba takalmi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum dubu 81 zuwa dubu 138 ke mutuwa da saran maciji a kowace shekara, waɗanda ake yanke wa gaɓa ko su nakasa kuma sun ninka haka kusan sau uku. A 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan yankuna masu zafi da aka yi watsi da su, a 2019 kuma ta fito da shirin rage mace-macen da rabi kafin 2030. Sai dai ɓarna mai yawa tsakanin gona da asibiti ake yin ta, kuma da hannun masu son ceton mutum.

Da an yi ihun maciji, kafin ka ce kwabo wani ya yage gefen riga ko ya samo roba ya ɗaure ƙafar tamau, wai kada dafi ya hau. Wannan ɗaurin yana tare jini, ga shi dafin macizai irin su kasa da ma yana cin naman wurin. Sai a isa asibiti bayan sa'o'i da ƙafa ta yi baƙi ta yi sanyi, a kashe dafin amma a rasa ƙafar. Motsin tsoka ne ke tura dafi cikin jiki, don haka abin da ake so shi ne a hana motsi. A cire zobe, warwaro, agogo da takalmi tun kafin kumburi ya riƙe su, a ɗora wa gaɓar sanda kamar yadda ake yi wa karaya ba tare da an matse ba, sannan a ɗauki mutumin, kada a bar shi ya taka, balle ya yi gudu. In an riga an ɗaure, a gaya wa ma'aikacin lafiya da isa, shi ya san yadda zai sassauta a hankali.

Sai tsaga da reza, da tsotsa da baki, da manna baƙin dutse. Babu wanda ke fitar da dafin da ya riga ya shiga nama. Tsagar ma ta fi muni in kububuwa ce ta yi saran, domin dafinta yana hana jini daskarewa. Ɗan yankan da ba zai dami mai lafiya ba sai ya yi ta zuba ba tsayawa.

Na san za a ce ai wane an yi masa haka kuma ya tashi garau. Gaskiya ne ya tashi. Macizai da yawa ba su da dafi mai kisa, masu dafin ma wani lokaci sukan sara ba su zuba komai ba. Irin wannan ko ba a yi masa komai ba zai warke, sai dutse ya kwashe yabo.

Kuskuren da ya fi kowanne cin rai a ganina shi ne "bari mu gani zuwa safe". Wanda kububuwa ta sara yana iya zama yana hira, ƙafa ce kawai ta ɗan kumbura, sai bayan sa'o'i ko kwana a ga jini a dasashi, a fitsari, ko daga wani tsohon miki. A saran macijin mamba da na wasu macizai masu fasa kai kuwa, fatar ido ce ke fara nauyi, haɗiyar yawu ta gagara, daga nan numfashi. A asibiti akwai gwaji mai sauƙi: a zuba jini kaɗan a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a bar shi minti 20. In bai daskare ba, dafi na aiki, ko da mutum na cewa lafiyarsa ƙalau. A hanya a kwantar da shi ta gefen hagu saboda amai. In zafi ya yi yawa a ba shi farasitamol, kada a ba shi asfirin da ibuprofen da dangoginsu, don suna ƙara zubar jini.

Bin macijin a kashe shi ɓata lokaci ne, kuma sau da yawa mutum biyu ake kaiwa asibiti maimakon ɗaya. Hoto daga nesa ya isa in ya samu. Wanda gamsheƙa ta tofa wa dafi a ido, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta nan take.

Masu tsara shirye-shiryen lafiya su ma suna da nasu kurakuran. Allurar kashe dafi daga jinin doki ko tunkiya ake haɗa ta, kuma kowace da macizan da aka yi ta dominsu. Wadda aka haɗa da dafin macizan Indiya ba ta aiki yadda ya kamata a kan kububuwar Afirka, amma ana saye saboda araha, mara lafiya ya sha allura jini bai tsaya ba, ƙauye duka su yanke ƙauna daga asibiti. Haka kuma a tara allurar a birni alhali lokacin damina da girbi a karkara ake saran. Tana iya tayar da jiki, shi ya sa dole a yi ta inda akwai allurar adirenalin a kusa. Kuma ba a rage wa yaro, domin dafin da ya shiga jikinsa daidai yake da na babba.

Kafin damina ta sauka, ya kamata kowane ƙauye ya san wane asibiti ne ke da allurar a hannu, da wanda zai ɗauki mutum a babur ko mota ko da tsakar dare. A shiga gona da takalmin roba mai tsawo, a riƙe tocila da dare, a kwana cikin gidan sauro an cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa, a kuma nisanta ajiyar hatsi daga ɗakin kwana, don ɓera ke jawo maciji gida.