Haihuwa a Birtaniya da ƙarfe a gadon baya: yadda ake rage zafin naƙuda

Macen da aka taɓa yi wa aikin haɗe ƙashin baya, aka sa mata sanduna da ƙusoshin ƙarfe, tana iya ɗaukar ciki ta haihu da kanta lafiya lau. Nishi ba ya karya ƙarfen, kuma kasancewarsa a jiki kaɗai ba dalili ba ne na a yi mata aiki a ciro ɗa. Inda gizo ke saƙar shi ne allurar baya, wadda asibitocin Birtaniya ke dogara da ita wajen kashe zafin naƙuda da kuma tiyatar haihuwa. Likitan da zai yi allurar sai ya san abin da ke ƙarƙashin tabon nan, alhali kwamfutar NHS, wato hukumar lafiyar Birtaniya, ba ta san komai ba game da aikin da aka yi miki a Kano ko Alƙahira ko Indiya. Ke ce za ki kawo labarin, 'yar'uwa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki fara awo da wuri. Mun san al'adar ɓoye ciki har sai ya fito, musamman na fari, amma a nan ana so ungozoma ta yi miki rajista kafin mako 10. Yawancin asibitoci suna da fom a intanet da za ki cike da kanki, ba sai kin bi ta wajen likitan unguwa da ake kira GP ba. A zaman farko ki faɗi maganar aikin baya ko ba a tambaye ki ba, ki kuma roƙa a tura ki asibitin likitocin sa barci na masu ciki. Su ne masu allurar baya, ba likitan mata ba. In kin kai mako 28 takardar kira ba ta zo ba, ki tuna wa ungozoma. A Ingila ba a hana mace kulawar ciki da haihuwa don ba ta biya ba. Wadda ta biya kuɗin lafiya tare da bizarta ba ta da wani caji, mai bizar ziyara kuwa za a aiko mata da lissafi daga baya. Tafinta kyauta ne, ko da ta waya. Ki nemi shi ko da maigida yana jin Turanci, domin ke ce za ki sa hannu a takardar yarda, kuma ya kamata ki ji kowace kalma.

Takardun da ake buƙata uku ne: rahoton tiyatar da likitan ya rubuta, hotunan ƙashi na bayan aikin, da sunan irin ƙarfen da aka sa. In suna gida, a sa wani ya ɗora fim ɗin a gilashin taga da rana ya ɗauka da waya ya turo, gaba da gefe. Ko wannan ya fi babu nesa ba kusa ba, tunda ba a son ɗaukar mai ciki hoton ƙashi sai da larura. Ana iya yin MRI, wato hoton jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, da ciki in an matsu, amma sai an san irin ƙarfen tukuna. Ki faɗi kuma dalilin aikin: karkacewar baya tun ƙuruciya, hatsarin mota, gocewar ƙashin ƙugu, ko tarin fuka na ƙashin baya, wanda ba baƙo ba ne a wajenmu. Wadda bayanta ya karkace sosai ana iya auna ƙarfin huhunta da zuciyarta. Wadda aka haɗe mata ƙashin wuya kuwa, damuwar likita ita ce yadda zai sa bututun numfashi in ta kama a sa ta barci.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: a ina haɗin ya tsaya? Ƙasusuwan baya na sashen ƙirji 12 ne, ana kiransu T1 zuwa T12, na ƙugu kuma 5, L1 zuwa L5, sai S1 a ƙasansu. Laka tana ƙarewa wajen L1 ko L2 a jikin babba, shi ya sa ake soka allura ƙasa da nan, galibi tsakanin L3 da L4. In haɗin ya tsaya a T12 ko L1, wurin allura yana nan kusan yadda Allah ya yi shi. In ya sauko L3 ko L4, kafa ɗaya ko biyu ce ta rage, su ma sau da yawa sun matse saboda su ke ɗaukar duk lanƙwasar da na sama suka daina yi. In ya kai har S1, mai yiwuwa babu kafa sam. Wurin tabo ma yana da magana: in ta haƙarƙari ko ta ciki aka shiga, ba a taɓa hanyar da allura ke bi ba, kuma wannan albishir ne.

Allurar baya iri biyu ce, kuma bambancinsu ya fi muhimmanci gare ki fiye da sauran mata. Efidural siririn bututu ne da ake bari a wani ɗan sarari da ke wajen fatar da ta lulluɓe laka, ana ta zuba magani ta cikinsa har a haihu. Likita ba ya ganin sararin da ido. Yana tura allura a hankali yana danna sirinji mai ruwan gishiri, sai ya ji tauri ya saki a yatsansa, ya san ya iso. Tabon tiyata yana ɓata wannan alamar. Wani lokaci taurin ya saki tun ba a iso ba, wani lokaci kuma ba a ji komai ba sai allura ta huda fatar laka. Ko bututun ya zauna daidai, tabo na iya raba sararin, maganin ya bi wani gefe ya bar wani, kamar ban ruwa a fadama in ƙasa ta toshe hanya: wani fangali ya sha, wani ya kwana da ƙishi. Abin da mai naƙuda za ta ji shi ne ƙafar dama ta yi nauyi, hagu kuwa ciwo na nan, ko wani wuri guda a mara ya ƙi mutuwa. Ko ga matan da ba a taɓa bayansu ba, kusan ɗaya cikin takwas zuwa goma efidural ba ya gamsar da ita, kuma kusan ɗaya cikin 100 ana huda mata fatar nan bisa kuskure. Bayan aikin baya duka biyun sun fi haka yawa.

Sifainal kuwa da gangan ake huda fatar da allura siririya ƙwarai. In ruwan laka ya ɗigo a gindin allurar, babu sauran shakka an iso. Shi ya sa ya fi efidural tabbas a bayan da aka yi wa aiki, kuma shi ake fara gwadawa in za a yi tiyatar haihuwa. Aibinsa ga naƙuda shi ne zubi ɗaya ne, awa ɗaya zuwa biyu ya sake. Wasu likitoci suna haɗa biyun a zama ɗaya.

A ganinmu, in ana son gwada efidural, a yi shi da wuri. Sa shi yana cin kamar minti 20, ya ɗauki wasu 20 kafin ya kama, a bayan da aka yi wa aiki kuma ya fi haka daɗewa. Ki roƙa a duba bayanki da na'urar hoton ciki a ƙirga ƙasusuwa kafin a soka, a kuma rubuta a fayil ɗinki cewa babban likita ne zai yi. Mace da za ta iya zama shiru a bakin gado, ciwo bai haukata ta ba, ta fi sauƙin samu. In bai kama ba bayan minti 30 zuwa 40, ki faɗa: ana iya juya ki kan gefen da ke ciwo, a ƙara magani, a ɗan janyo bututun, ko a cire a sake. Amfanin efidural mai aiki ya wuce naƙuda, domin in tiyatar gaggawa ta taso ta cikinsa za a ƙara magani mai ƙarfi ki haihu idonki biyu. In ana yi miki allurar tsinka jini ta heparin, sai an yi awa 12 da yin allurar in ƙaramin awon magani ne, ko awa 24 in babba ne, kafin a taɓa baya, saboda haka kada ki yi ta da zarar naƙuda ta fara. Ki buga wa sashen haihuwa waya tukuna.

Akwai tsoron da mata da yawa ke zuwa da shi daga gida, wai allurar baya tana jawo ciwon baya na har abada ko shanyewar ƙafa. Bincike bai nuna tana jawo ciwon baya mai daɗewa ba, kuma lahani na dindindin ga jijiya abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai. Ba ta kuma kwance ƙusa.

In an ce baya ba zai yiwu ba, abin da ya fi kusa da efidural ƙarfi shi ne remifentanil. Ana sa miki allurar ƙarin ruwa ta daban a hannu, a ba ki maɓalli. Kowane danni yana sakin mikirogiram 40, sannan na'urar ta kulle minti 2. Maganin yana kamawa da sauri ya fita da sauri, don haka ki danna tun kina jin ciwon yana tasowa, ba sai ya kai ƙololuwa ba. Ba ya kashe zafin gaba ɗaya, yana dai rage kaifinsa. Hatsarinsa rage numfashi ne, shi ya sa ungozoma ba ta barin ɗakin, ana maƙala na'urar auna iskar jini a yatsa, wani lokaci a ƙara iskar oksijin ta hanci. Ke kaɗai za ki taɓa maɓallin. Miji ko ƙawa da ya danna miki don tausayi kina gyangyaɗi, zai iya tsayar miki da numfashi. Ba a samunsa a gida ko a cibiyar haihuwa ta ungozomomi zalla, kuma ba kowane asibiti ke da shi ba, to ki tambaya tun wajen awo. Kina da damar sauya asibiti.

Sauran hanyoyin ba ruwansu da ƙarfen. Entonox iska ce, rabi oksijin rabi nitrous oxide, ana shaƙa ta bututun baki. Tana ɗaukar daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin ta kama, kuskuren da aka fi yi shi ne jira sai ciwo ya cika. Tana sa jiri da bushewar baki. Allurar fetidin ko diamorphine a cinya tana kamawa cikin minti 20 ta yi awa 2 zuwa 4, amma in haihuwa ta kusa tana iya sa jariri ya fito da kasalar numfashi da ta kama nono, kuma in an yi ta sai an jira awanni kafin a fara remifentanil. Kwamin ruwan ɗumi yana taimaka wa mai ƙarfe a baya sosai, tunda ruwa na ɗauke nauyi. Ba a barin zafinsa ya wuce digiri 37.5. Ga mai naƙudar baya akwai allurar ruwa zalla a ƙarƙashin fatar ƙugu, wuri huɗu, tana harbi kamar zuma na ɗan lokaci sannan ta ba da sauƙi har zuwa awa 3. Na'urar TENS kuma, mai aika ɗan lantarki ta fata don rage zafi, kada a manna ta kan fatar da ta mutu kusa da tabo. In za a yi ƙari ko ɗinki, ko a jawo ɗa da na'ura, ana kashe wurin da lidocaine ta ƙasa.

Wata magana da ta shafe mu musamman ita ce dauriya. An koya wa 'ya mace kada a ji muryarta a naƙuda. Ungozomar Birtaniya kuwa fuska da murya take karantawa, in ta ga kin yi shiru sai ta rubuta cewa komai lafiya. Kunyarki na nan, ba sai kin yi ihu ba, amma ki ba da lamba: daga 0 zuwa 10, ciwon nan 8 ne. Ki faɗi kuma duk jiƙo ko maganin zaƙi da aka aiko miki kika sha, da magungunan baya irin su tramadol, pregabalin da ibuprofen. Ibuprofen ba na watannin ƙarshen ciki ba ne, tramadol kuma ba a yanke shi rana ɗaya, sai da tsarin likita. Kina iya neman likita mace, sai dai da dare wanda ke bakin aiki shi ne zai zo.

In tiyata ta kama kuma sifainal ya ƙi, za a sa ki barci gaba ɗaya. Ana ba da omeprazole da wani ruwa mai gishiri-gishiri, kimanin mililita 30, don kashe tsamin ciki, kuma ba a barin miji ya shiga ɗakin. Kafin ki farka ana iya yi miki allurar kashe zafi a bangon ciki, daga nan sai farasitamol da diclofenac ko ibuprofen da morphine. Ba a ba mai shayarwa kodin.

Bayan haihuwa, in awa 4 ta wuce da zubin magani na ƙarshe ba ki iya ɗaga ƙafa a miƙe daga kan gado ba, a kira likitan sa barci nan take. Ciwon kai mai tsananta in kin zauna ko kin tashi, ya lafa in kin kwanta, alamar yoyon ruwan laka ce. Maganinsa shi ne a ɗebi jininki kamar mililita 20 a zuba a bayan ya toshe hujin, kuma wannan ma tabo na iya wahalar da shi, don haka a sanar da wuri. Kada a fara wankan jego da ruwa mai zafi sai jin fata ya dawo sarai, a kuma kiyaye gefen tsohon tabo, inda fata kan ƙone ba a ji ba. In kin koma gida sai zazzaɓi ya zo da sabon ciwon baya mai tsanani, ko ƙafa ta fara rasa ƙarfi, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa, ki buga lambar sashen haihuwa da ke jikin fayil ɗinki, in ba a ɗauka ba ki kira lambar gaggawa 999, ki ce an yi miki allurar baya kwanan nan kuma kina da ƙarfe a ƙashin baya.