Littafin bashin da nake bin kaina, da yadda za ki buɗe naki

Duk mai ɗinki tana da littafin awo. Nawa ya yi shekaru a aljihun keke: tsayin riga, faɗin kafaɗa, hannu, ƙugu, sai a ƙasa abin da aka bayar da abin da ya saura. Ban taɓa shan ƙasa a musun ciko ba, don in mai kaya ta ce "ai ranar na ba ki dubu biyu", shafin kawai nake buɗewa in juya mata. Takarda ba ta san kara ba.

Sai da na haura shekara talatin da biyar kafin ya faɗo mini cewa akwai wadda take cin bashina kullum ba na rubutawa, kuma ni ce. Shekara uku ina Islamiyyar matan aure a unguwarmu nan Kano, haddata na tsaye a izu biyu. Shekara uku ina cewa zan sayi keke na biyu in ɗauki 'yar koyo. In aka tambaye ni me ya hana, amsa na bakina: ɗinki ya yi yawa, ga yara, ga girki. Wata ranar Laraba Malama ta ce, "Baiwar Allah, a makon nan kwana nawa kika zauna ƙari?" Na ce kusan kullum. Ba ta ce komai ba, ta dai ɗan jima tana kallona. A hanyar gida na yi ta lissafi da yatsu. Kwana biyu ne.

A Janairun 2023 na buɗe wa kaina littafin bashi. Ga yadda nake riƙe shi, da inda na yi tuntuɓe, don ke ki tsallake.

Ki sayi littafi mai araha, irin na 'yan makaranta. Na san akwai masu bangon fata da aka buga wa kwanan wata a kowane shafi, amma ban ba ki shawararsu ba. Kyansu kan sa ki ji tsoron ɓata su da mummunan rubutu, kuma duk ranar da kika tsallake sai ta bar farin shafi yana hararar ki. Ki ɗaure biro da zare a jikin littafin, in ba haka ba yara za su tafi da shi makaranta, ke kuma ki sami hujjar ƙin rubutu. Sannan ki nemo masa mazauni kusa da abin da ba kya fashin yinsa. Nawa yana cikin naɗin dadduma. In na idar da Isha'i ba na tashi sai na rubuta. Da farko a ɗakin ɗinki na ajiye shi, sai ya zama sai na tuna, sai na tashi, sai na nemo fitila. Bai yi mako ba na ɗauko shi.

Shafin farko na buri ne, kuma kada burin ya wuce biyu. A nan ne aikin yake, don buri sai an yanka shi kamar yadi kafin ya ɗinku. "Ina son in yi hadda sosai" ba ya ɗinkuwa. Ga yadda na yanka nawa. Alƙur'ani bugun Madina shafi 604 ne, kowane shafi layi 15. Ina da izu biyu, wato daga Nasi zuwa Amma, kuma Amma tana shafi na 582. Burina izu goma, wanda yake kai mutum Suratul Ahƙaf, shafi na 502. Tsakaninsu shafi 80. In na ɗauki rabin shafi kullum, kwana biyar a mako, in bar Alhamis da Juma'a don tilawa kamar yadda makaranta ke yi, shafi biyu da rabi ke nan a mako, mako 32 an gama. Da na ga lissafin sai na yi dariya ni kaɗai. Abin da na shekara uku ina yi wa kallon dutse ashe layi bakwai ne ko takwas a rana.

Haka na yi wa kuɗin keke. Naira 500 a asusu kullum ban da Juma'a, 3,000 a mako, 156,000 a shekara. Na je kasuwa na tambayo farashi na rubuta shi da kwanan wata a gefe. Ko burinki rage ƙiba ne, ko jarrabawar JAMB, ko jarin sayar da turaren wuta, ki matsa masa har sai ya fito da adadin da za a iya yi tsakanin asuba da Isha'i guda. In ya ƙi fitowa, ba ki gama yanka ba.

Rubutun dare layi uku ne, ba ya kai minti biyar. Na farko abin da kika yi yau, da lamba. Na biyu abin da ya taimaka ko ya hana. Na uku abin da za ki fara da shi gobe, da lokacinsa da wurinsa. Ga wani shafi nawa yadda yake:

Litinin 6/2/2023. Muddassir layi 7. Asusu 0. Babu tsabar kuɗi, duk masu kaya ta waya suka turo. Gobe bayan asuba, kan dadduma, kafin in hura wuta: layi 7 na gaba.

Lokacin ƙarancin takardun kuɗi ne, bayan an sauya fasalin naira, ana kwana a layin cirar kuɗi. Da na ga sifiri ya jeru kwana tara a gefen asusu, sai na gane dabarar ce ta mutu, ba niyyar ba. Na koma tura kuɗin wa ƙanwata duk Alhamis, da sharaɗin ko na roƙe ta da kuka kada ta ba ni. Ta kuwa riƙe amana har ta wuce gona da iri.

Layin nan na uku shi mutane suka fi rainawa, kuma shi ya fi aiki. "Gobe zan yi ƙoƙari" ba magana ba ce, kowa na faɗa. Amma in kin rubuta bayan asuba, kan dadduma, kafin hura wuta, to da safe babu sauran shawara da zuciya, an yanke tun jiya. Zuciyar asuba ba a shawara da ita, bargo kullum take zaɓa.

Sai batun sifiri. Ranar da ba ki yi komai ba, ki rubuta 0 ƙato, ki rubuta dalili na gaskiya. Ba dalilin da za ki gaya wa Malama ba, wanda ke da Allah kuka sani. Littafin da babu sifiri a ciki ƙarya ce ta cika shi, ko kuwa mai shi tana rubutu ne ranar da ta ji daɗin kanta kaɗai. Amma dalili nake nufi, ba zagi ba. Akwai wasu shafuka na farko da na cika da "ni dai raguwa ce, ba na taɓa ƙarasa abu". Na lura duk daren da na rubuta haka, washegari ba na son ko ganin bangon littafin. Mai shago in ya rubuta bashi, suna da adadi yake sawa, ba ya ƙara da cewa mai bashin mutumin banza ne. Ki yi wa kanki irin wannan adalcin.

Rubutun da ba a komawa a karanta aikin banza ne. Daren Alhamis nake ware minti goma sha biyar in bi shafukan mako, in tara lambobi in rubuta jimla a ƙasa da jan biro. Ƙarshen wata kuma in bi sifirorin kaɗai ina karanta dalilansu a jere. A nan ne littafin ya tona mini asiri.

Ni a tunanina ɗinki ne ke hana ni hadda. Da na ƙirga daga tsakiyar Janairu zuwa tsakiyar Maris, sifirin hadda goma sha ɗaya ne. Uku kaɗai ke da alaƙa da aiki ko rashin lafiyar yaro. Sauran takwas kuwa abu ɗaya aka rubuta a gefensu: na makara, jiya na kai sha biyu a waya. Ga shi da rubutun hannuna, babu wanda zan yi wa musu. Ɗan hakin da na raina ashe shi ke tsone mini ido. Na kuma lura duk ranar da na ce bari in bar ƙarin zuwa bayan La'asar, ba a yi ba, ko sau ɗaya. Maganin bai wuce abu biyu ba: waya ta koma kwana a falo, hadda kuma ta zama ta asuba ko babu. Maigidana da ya ga ina kai waya falo da ƙarfe goma ya ce, "Yau kuma lafiya? Faɗa kuka yi?" Na ce eh, kuma ita ta fara.

Ɓangaren kuɗi ma haka. Ina zargin cefane, ashe anko ne da gudummawar biki. A wata biyu na yi anko uku. Ban daina zuwa biki ba, zumunci ba abin wasa ba ne, amma yanzu in aka kawo anko ina buɗe littafi in ga kwana nawa na asusu zai cinye kafin in ce a yanko mini. Sau da yawa in na ga kwana ashirin, sai atamfar ta daina yi mini kyau.

Za ki yi fashi mai tsawo, wannan ki sa a ranki tun yanzu. Azumin shekarar ya kama ranar 23 ga Maris, kuma duk tela ya san abin da ɗinkin sallah ke nufi. Daga kwana huɗu ga azumi har aka yi sallah ranar 21 ga Afrilu ban ɗiga ko alif ba. Bayan sallah na yi kwana biyar ina zagaye littafin kamar mai gudun wadda ke bin ta bashi. Har na yi niyyar sayen sabo in fara daga farko. Kada ki yi haka. Sabon littafi yana share shaidar abin da kika riga kika yi, alhali ita ce za ta ɗaga ki. Kada kuma ki zauna cike kwanakin baya daga ka, ƙarya za ki shirya. Layi ɗaya na ja, na rubuta kwanan wata, na sa: "Na yi fashin wata guda, ɗinkin sallah. Gobe tilawar Tabara." Sai na juya baya na ga jan biron nan mako bayan mako, shafi biyu, shafi biyu da rabi, shafi ɗaya, har izu huɗu ya kusa cika. Wanda ya ga nisan da ya taka da ƙafarsa ba ya buƙatar a yi masa wa'azin tafiya. Malama kan maimaita mana hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Na daɗe da haddace shi, amma a shafukan nan na fara ganinsa da ido.

Tun daga nan nake sa wa kalanda ido tun farkon shekara. Watan azumi da makonni biyu kafin babbar sallah ba na sa wa kaina ƙari, tilawa kawai, rubutun dare kuma ya koma layi ɗaya. Ke ma kin san lokacin da rayuwarki ke cunkushewa, ko jarrabawar yara, ko damina in kuna noma, ko goyo. Ki rage nauyi da kanki kafin nauyin ya kayar da ke. Haka in abu ya canza daga waje. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 farashin komai ya tashi, keken da nake hari ya yi gaba ya bar ni. Ban goge tsohon farashi ba. Na rubuta sabo a ƙarƙashinsa, na sake lissafi, na ƙara wata huɗu.

Littafin nan naki ne ke kaɗai. Kada ki ɗauki hotonsa ki ɗora a WhatsApp, musamman in ibada ce a ciki, don riya ba ta sallama kafin ta shigo. Kada kuma ki zuba sirrin wasu ko ɓacin ranki da dangin miji da sunayensu, takarda tana da ƙafa. In wani abu ya tokare miki ƙirji har sai kin rubuta, ki yi a wata takarda daban, in kin huce ki sa a murhu. Kakana yana da kundi na ajami da yake rubuta haihuwa da rasuwa da ranar saukar ruwan farko, kuma bayan rasuwarsa kowa ya karanta. Ina tuna wannan duk lokacin da biro ke neman ya zarce.

Wadda boko bai zauna mata ba kada ta ce an bar ta a baya. Ajami ya wadatar. Maƙwabciyata mai ƙosai ko ajamin ba ta yi, sanda take ja in ta yi zubi, ta zana ƙwai in ba ta yi ba, daren Juma'a jikarta ta ƙirga mata.

Disamba ta ƙare ban kai Ahƙaf ba. Na tsaya a Suratur Rahman, izu bakwai, biyar ke nan a kan inda na shekara uku a tsaye. Keken kuwa sai bayan ƙaramar sallar 2024 ya shigo gida, na hannu ne amma lafiyarsa ƙalau, kuma 'yar koyona har ta iya haɗa hannun riga. Littafin farko ya cika, yana ƙasan akwati tare da takardun haihuwar yara. A shafin farko na na biyu na kwafe abu uku daga tsohon: inda hadda ta tsaya, abin da ya rage a hannun ƙanwata, da "waya a falo, ƙarfe goma", wanda na ja wa layi biyu don har yau mukan yi faɗa.