Kurakuran da ƙannenmu ke ta maimaitawa in suna gardama da masu cewa babu Allah

Gaskiya na gaji. Shekara bakwai ke nan ina shiga gardamar addini a Facebook da grup-grup na WhatsApp, tun ina lise a Tahoua har na zo Yamai karatu, kuma duk sanda wani yaro na majami'armu ya samu salula ya sa forfe ya ce shi zai kare bishara gaban mulhidai, sai in gan shi ya zurma ramin da na taɓa zurmawa. To bari in faɗa, mai kunne ya ji.

Abin da ya fi cin mu shi ne tura labarin da ba mu bincika ba. Ni labarin Darwin ne ya kashe ni, masanin nan da ya kawo ra'ayin juyin halitta. An turo mini wai ya tuba a gadon mutuwa ya karɓi Yesu, na ji daɗi, ko minti biyu ban yi ba na jefa shi grup. Wani ɗalibin likitanci ya amsa mini cikin sanyi, ya ce Darwin ya mutu a 1882, labarin kuwa sai 1915 ya fito a wata jaridar Amurka daga bakin wata mata da ake kira Lady Hope, kuma ƴaƴansa da kansu sun ƙaryata. Na bincika dare guda, haka abin yake. Kunyar grup ba ta dame ni ba kamar abin da ya biyo baya, don ɗan baffana yana cikin grup ɗin, yaron da ni nake koya wa Littafi Mai Tsarki. Washegari muna fada a Yantala, shayi na biyu na kan wuta, ya ɗago kai ya ce, "Yaya, in wannan ƙarya ce, sauran abubuwan da kake gaya mini fa?" Har yau in na kawo masa hujja sai ya ce in ba shi inda na samo, kuma yana da gaskiya.

Haka kuke yi da maganar tsoffin kwafe. Kuna ihu wai akwai kwafin Sabon Alkawari na Helenanci wajen 5,800, ba ku faɗin cewa mafi yawansu an rubuta su ne ɗaruruwan shekaru bayan manzanni, kuma guntun da aka fi ambata a matsayin mafi tsufa, P52 da ke Manchester a Ingila, bai wuce girman katin shaida ba, ƴan layuka ne daga Yohanna 18. Mulhidin da ya yi karatu ya san Markus 16:9-20 babu shi a Sinaiticus da Vaticanus, manyan kwafen ƙarni na 4. Ya san sakin layin da Yosifus, Bayahude marubucin tarihi na ƙarni na 1, ya rubuta a kan Yesu an sa masa hannu daga baya. In kai ba ka sani ba, a bakinsa za ka fara ji, gaban mutane. Ni yanzu ina da wani kaye, duk hujjar da ta burge ni sai ta kwana a ciki kafin in tura, kuma inda take da rauni ni nake fara faɗa da bakina.

Ƙananan kuma ga su nan birjik. Kar ka jawo 2 Timoti 3:16 ka ce ta tabbatar da Littafi, mutumin bai yarda da littafin ba tun farko. Zabura 14:1 ba sandar duka ba ce, daina ce wa mutane wawaye da ita. Babu masanin da ya ce biri ya haifi mutum, cewa suka yi kakan asali ɗaya ne, koyi abin da suke faɗa kafin ka musa. Vokal na minti goma sha biyu ba mai saurare. Cacar Pascal da muka yi a ajin filo, wato hujjar cewa gara ka ba da gaskiya ko don gudun asara, ita ma ka aje ta, a Yamai da zarar ka ce "in akwai Allah ka yi asara" za a tambaye ka wanne, naka ko na maƙwabcinka mai kiran salla, shi ma ai wuta yake jiye maka. In kuma aka tambaye ka me ya sa jariri ke mutuwa da palu a damina, don Allah kar ka ce ƴancin zaɓi ne, sauro bai zaɓi komai ba. Wanda ya taɓa kwana asibitin Galmi da yaro cikin watan Agusta ba zai yi saurin amsa ba. Ni ce musu nake ban da cikakkiyar amsa, ga dai abin da ya riƙe ni.

Sai wanda in na tuna shi barci ke gagara ta, kaftir. Ku daina ɗaukar hoton maganar mutum kuna yaɗawa! Wani yaro ɗan unguwarmu, gidansu Musulmi ne, ya bi ni ta inbos muka yi kusan wata biyu muna muhawara, ya buɗe mini cikinsa ya ce shi fa ya daina yarda da komai. Wata rana ya kayar da ni a wata magana, raina ya ɓaci, na yi kaftir na tura grup ɗin matasanmu wai su taya ni amsa, ko sunansa ban goge ba. Kafin kwana uku hoton ya isa salular kawunsa. An fito masa da kayansa cikin buhun shinkafa aka aje ƙofar gida, da idona na ga takalminsa ɗaya ya faɗo cikin kwata. Na je wurin tsohon fastonmu ina kuka, ya yi shiru ya daɗe sannan ya ce, "Ɗana, amana ya ba ka, kai kuma ka kai ta kasuwa."

Kuna ɗaukan abin wasa ne? A Najeriya an kama Mubarak Bala, wani da ya fito fili ya ce bai yarda da Allah ba, a Afrilun 2020 saboda rubutun Facebook, a 2022 kotu a Kano ta yanke masa shekara 24. Mu kuma da muka ga hayaƙin majami'unmu a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015, mu ne za mu manta yadda tsoro yake har mu jefa wani a ciki don mu ci gardama? Yaron da ke shakka a ƙasar nan ya fi ka zama cikin haɗari, kai ko ba komai kana da majami'a a bayanka, shi ba shi da kowa.

A grup ɗin da nake admin yanzu, duk wanda ya turo kaftir da suna ko lamba ko hoton fuska, na cire shi nan take, ba gargaɗi, ko ɗan fasto ne. Yaron da na tona wa asiri kuwa na ji an ce yana Agadas wurin wani abokinsa. Sau huɗu na tura masa saƙon neman gafara, ya karanta bai amsa ba.