Masu ƙulla matcha da sunan shagonku, ga inda kuke zubar da ribar

Shekaranjiya da daddare ƙanwar wata ƙawata ta turo min hoto a WhatsApp, kwalabe goma sha biyu na gilashi jere a kan kanta, kowacce da sitika mai ruwan zinare da sunan shagonta, wai Anti ki sa min albarka na fara ƙulla matcha tawa, wato garin koren ganyen shayin nan na Japan. Albarka kam na sa, amma da na ƙara girman hoton na ga ranar taga tana dukan kwalaben sai da na yi salati. Ita ce ta huɗu da na gani cikin ɗan lokacin nan, kuskure iri ɗaya kamar ana ba su darasin a aji guda, kuma ni na gaji da tura saƙon murya na minti takwas takwas.

Dabarar kanta ba ta da laifi. In kika saro gwangwanin kamfanin wasu mai giram 30 abin da za ki ɗora a kai kaɗan ne, kwastoma ma tana iya duba farashinsa a intanet ta ƙure ki. In kuwa kilo kika saro kika raba da sunanki, a takarda gwangwani 33 ne har da ragowar giram 10, farashi kuma ke za ki yanka. A takarda fa na ce.

Kwalbar gilashi ita ta cinye min kilona na farko, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Watan Afrilu ne, zafin Kano ɗin nan da ko fanka iskar wuta take hurawa. Kaya ya iso, na farke ledar gaba ɗaya na juye a roba, na cika kwalabe saboda a hoto koren yana fitowa shar, Instagram kuma abin da take so kenan. Satin farko ciniki ya yi kyau. Kafin sati na uku koren ya fara komawa wani irin ruwan ƙasa-ƙasa, ni da nake ganinsa kullum ban ma lura ba sai da wata Hajiya da ta saba sha a ƙasar waje ta kira ni ta ce, 'yata lalle kika aiko min ko garin kuka? Wallahi na so ƙasa ta tsage na shige. Na mayar mata da kuɗinta, na mayar wa wasu mutum biyar, ragowar kuma kek muka yi ta yi da shi a gida har yara suka ce sun tuba.

Ku gane abin da kuke riƙe da shi. A Japan ana rufe bishiyar shayin da inuwa wajen sati uku zuwa huɗu kafin a tsinke ganyen, shi ya sa koren yake yin duhu ɗacin kuma ya ragu, sannan a turara shi nan take, a busar, a cire jijiya da kara, wannan ganyen shi suke kira tencha. Dutsen niƙa ɗaya a awa guda giram 30 zuwa 40 kawai yake fitarwa, wato gwangwani ɗaya. Garin da ya yi laushi haka kowane ɗigo nasa iska tana taɓa shi, to haske da zafi da iska da laima duk abokan gabansa ne, ke kuma kin haɗa masa su huɗun a kwalba ɗaya kin ajiye bakin taga kina ɗaukar bidiyo. Haba.

Ni yanzu ranar da kilo ya iso ranar nake raba shi, ba na kwana. Leda mai alminiyom a ciki wadda haske ba ya ratsawa, giram 100 a kowacce, in jefa ɗan ƙunshin nan mai shanye iska, in matse in liƙe da injin liƙe leda. Gwangwani kuwa iya odar sati nake cikawa, shi ma garin yana cikin ƙaramar leda a liƙe kafin ya shiga gwangwanin. Ledojin da ban buɗe ba suna firij. Akwai masu cewa kar a sa a firij, musamman da wutar NEPA ɗin nan tamu da sanyi zai zo ya tafi, ni dai ina sawa saboda nawa a kan sola yake. Abin da ba na yi shi ne in ciro in buɗe nan take, gumi ne zai sauka a kan garin ya dunƙule. Da daddare nake fitarwa, da safe in buɗe. A watan Agusta kuma in ana ruwa ko an kwana ana yi, ba na ƙulli ranar sam.

Sai maganar turare, wannan kam matsalarmu ce mu matan nan. Shago ɗaya ga turaren wuta, ga humra, ga yajin daddawa, ga matcha a gefe. Garin shayi yana zuƙar ƙamshi kamar soso. Na taɓa ƙulli a ɗakin da aka turara da safe, kwastoma ta ce shayina ɗanɗanon ɗakin amarya yake yi, dariya ta yi amma ba ta sake saye ba. Ko turaren jikinki ki haƙura da shi ranar ƙulli.

Bayan na kwalba, kuskure na biyun da ya ƙona ni ya fi ma ciwo, don a nan sunana ne ya kusa ɓaci ba kuɗi kaɗai ba. Wani dillali ya turo min samfuri giram 20, kore kamar sabon alayyafo, ya ce daga Uji yake, wani wuri a Japan da ya yi suna wajen matcha, na yarda, na yi odar kilo uku, tun kafin kaya su taso na buga sitika da Uji ɓaro-ɓaro da kalmar ceremonial a ƙasa, wato wai mai daraja ta ɗaya. Da kayan suka zo garin daban ne, mai ɗaci mai kaushi a harshe, na nemi takardar da ke nuna inda aka noma shi sai kame-kame, daga baya ma ya daina amsa saƙona. Sitika ɗari biyar na zuba a shara.

Ku daina rubuta abin da ba za ku iya kare shi ba dan Allah. Kalmar ceremonial ɗin nan da kowa ke liƙawa ba wata hukuma ce take bayar da ita ba, kalmar talla ce, kowa yana iya bugawa. Uji kuma wuri ne takamaimai a yankin Kyoto, kamar yadda akwai Nishio a Aichi da Yame a Fukuoka da Kagoshima can kudu. Tun ƙarshen 2024 manyan gidajen shayi na Kyoto irin su Ippodo da Marukyu Koyamaen suka fara taƙaita yawan abin da mutum ɗaya zai saya saboda kaya sun yi ƙaranci, to su da suke zaune a kan abin suna auna wa mutane, wane ne wannan da zai ba ki kilo goma na Uji a araha har da ragi? China tana yin matcha mai yawa, musamman wajen Tongren a lardin Guizhou, akwai mai kyau a ciki, kuma wadda za ta zuba madara da zuma ba ruwanta da Uji. In na China ne ki rubuta na China, ki sa farashinsa, ki kwana lafiya. Masu ƙara garin zogale kuwa don ya yi auki, ku ji tsoron Allah, wannan algus ne, kuma Bahaushiyar da ta tashi da kwaɗon zogale ba za ta kasa gane warinsa a kofi ba.

Yanzu ba na sayen fiye da kilo ɗaya a wurin sabon mutum, kuma sai ya faɗa min ranar da aka niƙa, ya turo takardar asali da ta gwajin maganin feshi. In kaya ya zo ina ɗiban kaɗan in ja da yatsa a kan farar takarda kusa da samfurin da ya fara turowa, mai kyau layi yake ja sumul, maras kyau yana tsittsinkewa. Sannan in kaɗa da ruwa zalla, ba madara ba suga, in sha. Sai bayan nan nake zuwa wurin mai buga sitika, kuma hamsin nake bugawa ba ɗari biyar ba.

Lissafin 33 ɗin can ma ku cire shi a ranku. Wani zai maƙale a rariya, wani a jikin leda musamman da hunturu da garin ke tashi yana manne wa komai, ga na ɗanɗano da za ki ba mutane, ni in na samu 31 na gode Allah. Ki raba kuɗin kilo da kuɗin jirgi da na kwastan a kan 31, ki ɗora gwangwani da leda da sitika da kuɗin mai kai saƙo, kuma farashin da za ki sake saro wani kilon da shi za ki duba, ba wanda kika saya wata uku da suka wuce ba, dala ba ta jiran kowa.

Sauran ƙanana ne amma suna cizo. Sikelin kicin mai tsallen giram ɗaya ɗaya ba zai yi ba, ki nemi mai nuna 0.1. Cokali ya bushe ƙayau. Ki rubuta ranar da kika ƙulla da lambar rukuni a gindin kowane gwangwani ko da biro ne, ranar da aka kawo ƙorafi za ki san daga wace leda ya fito. Kar ki tura wa sabuwar mai sha giram 100, zai mutu a hannunta ta ce kayanki ne ba kyau, giram 30 kofi 15 ne, ya ishe ta wata. Ki sa 'yar takardar yadda ake haɗawa, giram 2, a tankaɗe, ruwa mai zafin kamar digiri 80, don mutanenmu da suka saba shayi sai ya tafasa ya yi baƙi za su ɗora shi a wuta su ce ɗaci. Rubuta yana rage tumbi ko yana maganin suga a jikin sitika neman rigima ne da NAFDAC, kuma dama tunda abin sha kike ƙullawa da sunanki rajistarsu tana kanki, manyan kantuna lambar suke fara tambaya. Sunan kuma ki yi masa rajista a CAC, in da hali ki kare tambarin, a rabe-raben rajistar tambari shayi yana aji na 30, kafin wata ta ɗauke shi ki koma kina kuka a status.

Ƙanwar ƙawar tawa dai na sa ta kwashe garin a daren, kwana biyu kawai ya yi a kwalba don haka bai gama lalacewa ba, da safe ta tafi neman ledar alminiyom. Ta ce to Anti kwalaben fa, kuɗi na sa na saya. Na ce ta wanke ta zuba kanumfari da busasshiyar citta ta sayar, amma a wancan ɓangaren shagon.